Araha Ba Ta Ado: Nasiha Ga Amaren Sabon Birni Da Isa

Ƙannena da 'ya'yana 'yan mata na Sabon Birni da Isa, da na Gatawa, Unguwar Lalle, Tsamaye, Kurawa, Turba da Bafarawa, musamman waɗanda aka riga aka sa wa rana. Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin lafiya. Magana nake so mu yi a kan rigar da kike shirin sawa ranar bikinki, wadda kika gani a waya, kika adana hotonta, kike buɗewa kina kallo kafin barci ya ɗauke ki. An ce miki irin ta wata amaryar Abuja ce sak, kuɗinta kuwa bai kai na turmi biyu na atamfa mai kyau ba. Kafin ki tura ko kwabo, ki saurare ni.

Ba na cikin masu cewa amarya kada ta yi ado. Ranar aure ranarki ce, kuma duk uwar da ta haifi ɗiya tana son ta gan ta fes a wannan rana. Abin da ke damuna shi ne ki ɗauki kuɗin da aka sha wuya kafin a tara, ki miƙa wa wadda ba ki sani ba, a kan abin da idonki bai gani ba, hannunki bai taɓa ba, alhali ranar ɗaurin aure ba a ɗaga ta don kaya ba su iso ba.

Hoton na wata, rigar ta wata

Mu fara da hoton kansa. Rigar da ke jikin waccan amarya, wani gwanin ɗinki ne a Abuja ko Legas ko Dubai ya yi makonni a kanta. An auna amaryar, an yanka yadin a kan jikinta, ta je gwaji an rage nan an ƙara can, an zauna an ɗinke duwatsun ɗaya bayan ɗaya da allura. Ranar ɗaukar hoto an kunna fitilu, an sa abin da ke buɗa rigar daga ciki, an baza jelarta a ƙasa, wani lokaci har da fil a baya inda ido ba ya kaiwa. Mai shafin da ke tallata miki ita ba ta taɓa riƙe wannan riga ba. Hoton ta kwafo, ta goge sunan mai ɗinkin, ta rubuta nata farashi. Idan kin biya, sai ta tura hoton nan ga wata masana'anta a ƙasar Sin ko wani tela mai sauri, shi ma abin da yake da shi ke nan, hoton gaba. Bai san yadda bayan rigar yake ba, bai san nauyin yadin ba, bai san abin da ke ciki ba. Zato zai yi, kuma da yadi mafi araha zai yi zaton. Yanzu ma an kai inda kwamfuta ke ƙirƙiro hoton rigar da ba a taɓa ɗinkawa ba a duniya.

Wannan sana'a ba a kanmu aka fara ta ba. A 2011, da Yarima William na Ingila ya auri Kate Middleton, ba a yi kwanaki ba kwafin rigarta ya shiga kasuwa. A birnin Suzhou na ƙasar Sin akwai unguwar Huqiu, wadda ta shahara da ɗinkin rigunan amare, masu kyau da marasa kyau, kowa da kuɗinsa. A 2016 kafar BuzzFeed ta Amurka ta yi bincike a kan wasu shafukan sayar da tufafi masu talla a Facebook, inda mata da yawa suka nuna hoton da aka tallata musu da abin da ya iso hannunsu, bambanci kamar ba riga ɗaya ba. Waɗannan mata ne da ake kai wa saƙo har ƙofar gida, bankinsu kuma yana iya ƙwato musu kuɗi. Duk da haka an cuce su.

Mu ma mun san jabu tun kafin waya ta zo. Kamfanin Vlisco na ƙasar Holan da aka kafa a 1846 ya shahara a atamfa, Getzner ta Ostiriya ta yi suna a shadda, kuma an daɗe ana kwaikwayon zanensu. Amma ki lura da yadda iyayenmu ke sayayya a Kantin Kwari ko a babbar kasuwar Sakkwato. Uwa za ta warware turmi, ta murza shi tsakanin yatsu, ta shinshina, ta juya ciki da baya, ta duba rubutun bakin zanen, ta fita da shi rana ta ga launinsa. Ɗan kasuwa mai tsoron Allah kuma zai ce mata, "Hajiya, wannan orijina ce, wannan mai bi mata ce," kowace da farashinta. Wadda ta sayi mai bi mata da saninta ba a zalunce ta ba. Zalunci shi ne a nuna miki ta farko a kawo miki ta ƙarshe, kuma cinikin waya ya raba ki da hannu da hanci da hasken rana, waɗanda da su ake gane hakan.

Ki yi lissafi da kanki. Ki tambayi kuɗin yadi biyar na leshi mai kyau a kasuwa yau. Ki ɗora kuɗin shafi, da duwatsu, da ɗinki, da jigila, da ribar mai sayarwa. Idan kuɗin da aka yanka miki na rigar gaba ɗaya bai kai na yadin kaɗai ba, to an cire wani abu, kuma a jikinki za a ga inda aka cire. Kafin watan Yunin 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura naira 1,500. Komai da ake shigowa da shi ya tashi, daga zare har maɓalli. Ta yaya wannan riga kaɗai ta tsira?

Abin da ke fitowa daga leda

Na taɓa zama a ɗakin da aka buɗe irin wannan saƙo, ana jibi za a sa amarya a lalle. Tun daga ƙunshin jikina ya yi sanyi, don rigar da a hoto ta cika rabin falo, ga ta an naɗe a ledar da yaro ya shigo da ita a hammata. Da aka farke ledar, warin roba da fenti ya cika ɗakin. Farin ya ja zuwa shuɗi-shuɗi. Aka ɗaga ta, sai muka ji ƙananan duwatsu suna zuba a kan tabarma, ashe da gam aka manna su. Shafin ya tsaya a gwiwa, daga nan zuwa ƙasa raga ce da ake hango ƙafa. Amarya ta daure ta sa, zif ya hau zuwa tsakiyar baya ya ƙi gaba. Kakarta da ke zaune a bakin gado ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ɗiyata, wagga ita ta rigar da kinka biya kuɗi?" Babu wanda ya amsa.

Aka aika aka kira tela. Ta juya rigar ciki waje, ta bi ɗinkin gefe da yatsa daga hammata zuwa ƙugu, ta girgiza kai ta ce, "Inna, babu abin da zan buɗe. Ba su bar ko rabin inci ba." Telanmu na gida in zai yanka yadi yakan bar ragowa a ciki, saboda ya san jikin mace yana sauyawa, balle amarya da ake ta gyara. Masana'anta kuwa tana yanka ɗaruruwa a lokaci guda, kowane ɗan ƙyalle riba ne a wurinta. Daga ƙarshe leshin cikin lefe aka ciro, tela ta kwana a kan keke. An yi biki lafiya, amma kuɗin rigar ya tafi, kuma yarinyar ta shiga lalle da kumburarrun idanu.

Aibin irin wannan riga bai tsaya ga abin da muka gani a ranar ba, kuma kowane yana da dalilinsa. Awo na farko. Telolinmu da inci suke awo, yawancin shafukan waje da santimita, kuma inci ɗaya santimita 2.54 ne. Wadda ta rubuta 38 tana nufin inci, aka karanta da santimita, ko ta zaɓi harafin girma bisa abin da ta saba sawa, ba ta san cewa babbar riga a ma'aunin ƙasashen Asiya matsakaiciya ce a wurinmu ba. Na biyu zafi. Daga Maris zuwa Mayu zafin ƙasarmu yana haura digiri 40. Yadin roba ba ya shan gumi, ba ya barin iska ta shiga. Amarya ta wuni a cikinsa cikin taron mata, kwalliya ta narke, ƙuraje su feso a wuya da hammata. Na uku shi ne wanda ya fi ba ni tsoro, wato wuta. Amaryarmu ba ta rabuwa da kaskon turaren wuta. Auduga in ta taɓa garwashi tana ƙonewa ta zama toka, amma ragar roba narkewa take yi ta manne a fata. Na huɗu sutura. Yawancin waɗannan riguna an zana su ne don bikin mutanen da al'adarsu ba tamu ba ce, ƙirji a buɗe, baya a buɗe, hannu raga. Sai ta iso a fara neman ƙyallen toshewa, ba a samun launin da ya dace, riga ta koma faci-faci a gaban dangin miji.

Hanyarmu ba irin ta kowa ba ce

Yarinyar Kano ko Kaduna in aka kawo mata abin da bai yi ba, tana iya hawa Keke Napep ta je shagon, ko ta shiga kasuwa da yamma ta sayi wata. Ke fa? Bi saƙonki ki gani. In daga Sin ne, zai taso daga Guangzhou ya sauka Legas ko Kano, ya jira a sallame shi. Daga nan a ba motar Sakkwato. A Sakkwato sai an sami wanda zai karɓa ya kai tasha, a ba direban da zai bi ta Achida da Goronyo zuwa Sabon Birni. Na Isa kuwa ko dai ya bi ta Marnona ya ratsa dajin Gundumi, hanyar da aka yi shekaru ana gudunta, ko ya zagayo ta Gusau, Ƙauran Namoda da Shinkafi. Kowane hannu da saƙon ya shiga, kuɗi ne da kwana. Direbobinmu ba sa tafiyar dare, kuma ranar da aka ce hanya ba kyau, mota ba ta tashi. Mai sayarwa da ta ce miki "kwana bakwai ya iso" lissafin Legas take yi, wataƙila ba ta taɓa jin sunan Gundumi ba.

Ga kuma lokaci. Bukukuwanmu sun fi yawa bayan kaka da gabanin azumi. A 'yan shekarun nan, wannan rububi na kafin azumi yana haɗuwa da hutun sabuwar shekarar Sinawa, wanda ke faɗowa a ƙarshen Janairu ko cikin Fabrairu, lokacin da masana'antu ke rufewa ma'aikata su tafi garuruwansu. Odar da aka yi a wannan tsakani sai ta kwanta.

Sadarwa ma ba abin dogaro ba ce. Kun tuna a watan Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da Sabon Birni da Isa. Wanda ke da ciniki a waya a lokacin, cinikin ya tsaya inda yake. Ko yau, sabis yana ɗaukewa a wuni ba a same shi ba. Iyakar Nijar, wadda ta nan muke shiga Maraɗi sayayya tun kakanni, an rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris 2024. Mutumin da ke zaune a irin wannan wuri bai kamata ya rataya ranar bikinsa a kan saƙon da sai ya ƙetare teku ba.

In kuma rigar ta iso ba ta yi ba, wa zai mayar? Ba mu manta da motar fasinja da aka ƙona da mutane a ciki kusa da Gidan Bawa a Disambar 2021 ba, Allah ya jiƙansu. Babu rigar da ta kai a ɗora yayanki ko ƙanenki a kan hanya sau biyu saboda ita.

Kuɗi in ya fita

Duk wannan a kan mai sayarwar da ta turo wani abu ne. Akwai wadda ba za ta turo komai ba. Salon nasu kusan ɗaya ne. Za ta yi miki magana mai daɗi, "'yar'uwa, yadda kika gani haka zai zo." Za ta turo hotunan alat na wasu da ta ce sun saya. Za ta ce saura biyu, ragin kuma yau zai ƙare. Ki ruga wurin mai POS ki tura. Bayan kwanaki a ce kwastam sun riƙe kaya, sai kin ƙaro wani abu. Ki ƙara, don kada na farko ya salwanta. Daga nan waya ta daina shiga, shafin ya sauya suna, ya ci gaba da tallar hoton nan ga wata amarya a wani gari.

Doka tana nan. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda aka sa wa hannu a 2019 ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da ba su dace da siffar da aka sayar masa a kai ba, kuma rubuta "ba a mayarwa" a shafi bai soke wannan haƙƙi ba. Wanda ya karɓi kuɗi da yaudara ya gudu kuwa, aikin 'yan sanda da EFCC ne. Sai dai doka tana kama wanda ke da suna da adireshi. Wadda ba ki san sunanta na gaskiya ba, ba ki san garinsu ba, asusun da kika tura wa ma na wani ne daban, a ina za a fara nemanta? Ko an same ta, biki ya daɗe da wucewa.

Ki kuma tuna daga ina kuɗin ya fito. A ƙasarmu yau akwai gonakin da ba a iya zuwa, akwai garuruwan da sai an biya 'yan bindiga kafin a yi girbi, akwai dangi da suka baro ƙauyukansu suna zaune a gidajen 'yan'uwa, wasu suna gudun hijira a jihar Maraɗi. Kuɗin rigar nan wataƙila akuyar innarki ce, ko buhun waken babanki, ko gumin yayanki da ke ci-rani a Legas. Irin wannan kuɗi ba na gwaji ba ne.

Addininmu ya riga ya yi magana

Malamanmu sun tattauna wannan ciniki tun kafin a san za a yi waya. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ake karantawa a zaurukan malamai a ƙasar Hausa, an rubuta shi fiye da shekara 1,000 da suka wuce. A babin ciniki ya halatta sayen abin da ba ya wurin idan an siffanta shi sosai, amma ya hana a sharɗanta biyan kuɗinsa tun kafin a gan shi, sai in yana kusa ko abu ne da ba ya sauyawa kamar gida ko fili. Ya kuma hana sayen tufar da ba a warware ba kuma ba a siffanta ba, ko sayenta cikin duhun da ba a iya dubawa. Ki auna cinikinki da wannan ma'auni. Riga tana wata ƙasa, siffarta hoton wata rigar ce daban, kuma an ce sai kin biya duka kafin a taɓa ta. Ki kai wa malamin Islamiyyarku wannan tambaya ki ji abin da zai ce. Masu sayarwa kuma su tuna yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tulin hatsin wani ɗan kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya yi masa kashedi mai tsanani a kan algus. Hausawa suka taƙaita duka da cewa ba a cinikin biri a sama.

Me ya ja mu can?

Na san abin da ke zuciyarki, kuma ba abin kunya ba ne. A watan Agustan 2021 aka ɗaura auren Yusuf Buhari da Zahra Nasir Bayero a Bichi, hotunan suka zagaye wayoyin ƙasar nan. Tun daga lokacin ba a yin wata guda ba a ga bikin wasu manya ba, da kamu da dina da kaya kala-kala. Yarinya tana kallo daga Isa, ƙawayenta suna turo mata, sai ta ji in ba ta sa irin wannan ba kamar ba a yi mata biki ba. 'Yan damfara sun san wannan ciwo, a kansa suke kafa tarkonsu. Ki sani cewa masu wancan biki sun yi daidai ƙarfinsu ne. Ke ma in kin yi daidai naki, babu wanda ya fi ki. Mu Gobirawa ne, jikokin mutanen Alƙalawa, ba a san mu da ƙasƙantar da kai ba. Atamfa mai kyau da aka ɗinka daidai jikinki, da lalle da ya kama, da lafaya ko mayafi mai tsabta, sun fi kwafin rigar miliyoyi da ke zubar da duwatsu a tsakar gida. Mata masu ido suna gane jabu daga nesa, kuma abin da za su tafi suna faɗa ke nan.

Abin da nake ba ki shawara

Hanya mafi aminci ita ce ki raba sayen yadi da ɗinki. Yadin ki saye shi inda za a taɓa, a Sakkwato, Gusau, Shinkafi ranar Alhamis, Maraɗi ko Kano, ke da kanki ko wata babba da ta san kaya. Ɗinkin ki ba telan da ƙafarki za ta iya kai ki wurinsa. Ki nuna masa hoton da kike so, ki ce ya faɗa miki gaskiyar abin da zai iya da abin da ba zai iya ba. Ki nemi ganin aikin da ya yi wa wata amarya, ki juya cikinsa ki duba. Ki kai ɗinki da wuri, wata biyu kafin biki in da hali, ki je gwaji, kuma ku yi magana a kan ranar karɓa a gaban shaida, ranar ta kasance da tazara kafin lalle.

In ranki ya kafe a kan doguwar rigar amare irin ta dina, akwai masu ba da haya a manyan garuruwa. Rigar da za a sa na sa'o'i kaɗan a ninke, haya ta fi mata. Kin gan ta, kin gwada ta, kin san abin da kika biya.

In kuwa dole sai ta waya, to ki tsaya a kan sharuɗɗa. Ki kira mai sayarwa da bidiyo, ki ce ta ɗaga rigar da hannunta, ta juya cikinta, ta ja dutse ɗaya ki ga ko ɗinki ne ko gam, ta shimfiɗa tef a kan ƙirji da tsawo ki karanta awon da idonki. Wadda ke da kaya ba ta gudun wannan. Ki sa hoton a Google Lens, in kin gan shi a shafuka barkatai da farashi daban-daban, kin san na sata ne. A Instagram ana iya duba lokacin da aka buɗe shafi da ko ya taɓa sauya suna. Shafin da ya kulle wurin sharhi yana ɓoye wani abu. Ki nemi adireshin shago, ki tura ɗan'uwa da ke garin ya je ya gani da idonsa, in ya yiwu shi zai biya ya karɓa hannu da hannu. Sunan asusun ya dace da sunan mai kaya ko na shagon. Kada ki biya duka a gaba. Ki adana hirarku da shaidar biya. Kada ki ba kowa lambar sirrin da banki ya turo miki, ko da ya ce kuɗinki zai mayar. Ki yi oda da tazarar da in abin bai yi ba za ki iya ɗinka wata, kuma ki tanadi kayan da za ki sa ko da saƙon bai zo ba. In an riga an cuce ki, ki sanar da bankinki a ranar, ki kai ƙara, ki kuma gaya wa ƙawayenki. Shirun da kunya ke sa mu yi shi ne ke ba macuta damar kama ta gaba.

Ku ma da sauran

Angwaye, ƙannena, sau da yawa ku ne ke tura kuɗin. In amaryarka ta turo maka hoto ta ce ga abin da take so, kada ka yi mata tsawa, kada kuma ka tura don a ce ka iya. Ka ce a kawo wadda ta san kaya a duba tare. Ƙawayen amarya, ku ne kuka fi kowa tasiri a kanta. Ku daina zuga ta da abin da ku kanku ba za ku iya saya ba, kuma kuɗin anko da aka tara daga hannun mutum goma ko ashirin kada a tura shi ga shafin da babu wadda ta san mai shi. Iyaye mata, ku tambayi 'ya'yanku abin da suke shiryawa a waya, cikin lallashi, don yarinyar da ke tsoron faɗa ita ce ke yin oda a ɓoye. Telolinmu na Sabon Birni da Isa, maza da mata, ku ma akwai naku. Saɓa alkawari da ɓata yadin mutane su ne ke kora 'yan mata zuwa ga baƙin da ba su sani ba. Ku koyi sabon yayi, ku gyara hannunku, ku cika rana, kuɗin ya tsaya a garinmu.

Ƙanwata, sayen nagari mayar da kuɗi gida. Kada ki tura kuɗin rigar aurenki sai ke ko wanda kika amince da shi ya gan ta ya taɓa ta, kuma kin san ƙofar da za ki ƙwanƙwasa in ba ta yi ba. Allah ya ba ku zaman lafiya da mazajenku, ya kawo zuri'a ɗayyiba, ya dawo mana da aminci a ƙasar Gobir. Amin.